An ƙirga kawunanmu amma ba a nemi bakinmu ba

Kakata wadda ta haifi babanmu, Iya muke ce mata, Allah ya kai haske kabarinta, sai da ta shekara 44 a duniya kafin ta taɓa dangwala ƙuri'a. Ku duba fa, matar da ta haifi tara ta binne uku, ta aurar, ta ga jikoki, matar da ke soya ƙuli-ƙuli tana matse man gyaɗa har daga ƙauyuka ana zuwa sari gidanta, adashin matan unguwa kaf a hannunta yake kuma ko sisi bai taɓa ɓacewa ba, amma wai a wajen hukuma ba ta kai ta ce ga wanda take so ya wakilce ta ba. Yaron da ke faskara mata itace in dai ya cika shekara 21 shi ya kai, ita ba ta kai ba.

Ni ban san wannan ba sai ranar zaɓen 2015. Ana wata irin rana a Katsina ranar, irin ta ƙarshen Maris ɗin nan da ko takalmi sai ka ji zafin ƙasa ta cikinsa, ga labari ya zo cewa na'urar tantance kati na ta ba da matsala layi ba ya motsi, sai na ce ni kam na fasa, ƙuri'a ɗaya me za ta canza. Iya na kan tabarma tana jan carbi, lokacin ta kai tamanin ido ya fara rauni, sai ta ajiye carbin ta ce "ke ɗiyar nan, ɗauko mani mayafina da katina, in ke ba ki zuwa ni ki kai ni." Na ce Iya ki rufa mana asiri da wannan rana. Ta ce "rana? Ni da na yi shekara ashirin ina jin hayaniyar zaɓe ta bayan katanga." A layin nan, tana zaune kan wani benci da wani bawan Allah ya kawo mata, ta ba ni labarin da har yau bai sake ni ba, kuma shi ya sa na shiga tone-tonen tarihin abin.

Iya na da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka kai ta aure Maraɗi. Duk wanda ya san yankin ya san Katsina da Maraɗi abu ɗaya ne, ka bi ta Jibiya ka tsallaka Ɗan Isa sai ga ka, sarkinsu ma Sarkin Katsina ake ce mashi, dangi ne iyaka ta ratsa ta tsakiyarsu. To wajen ƙarshen 1958 yayar ta zo ganin gida take ba su labari cewa su fa can sun yi zaɓe, an tambaye su i ko a'a kan zama da Faransa, ta je da ƙafarta ta sa takarda cikin ambulan ta jefa a akwati da hannunta. Iya ta ce matan gidan dariya suka yi ta yi mata, suna cewa yaushe mace ta fara zaɓe. Ashe gaskiya take faɗi. A 1956 Faransa ta yi wata doka da ta ba kowane baligi a ƙasashen da take mulka a Afirka damar zaɓe, mace da namiji, shi ya sa matan Maraɗi da Damagaram da Tawa suka shiga ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, wadda Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a zaɓi a'a amma i ta yi rinjaye.

Nan wurin ne ya tsaya mani a wuya. Mata biyu ciki ɗaya, Hausa ɗaya, salla ɗaya, mazhabar Malikiyya ɗaya, malaman da ke karantar da mazajensu littattafai iri ɗaya suke biyawa, amma ɗaya ta yi zaɓe tana 'yar ashirin da wani abu, ɗaya sai da ta jira shekara 21 bayan haka. In da addini ne ya hana, da ya hana a Maraɗi ma. In al'adar Bahaushe ce, to su mutanen Maraɗi ba Hausawa ba ne? Toh kun ga akwai wani abu daban a ƙasa.

Kafin in zo kansa bari in ɗan leƙa waje, saboda akwai masu cewa duk wannan magana ta Turawa ce aka kawo mana. Wallahi su kansu Turawan da ƙyar da jini matansu suka samu. New Zealand ce ƙasar farko da ta ba mata gaba ɗaya ƙuri'a a 1893, bayan wata mata Kate Sheppard da 'yan'uwanta sun bi gari-gari sun tara sa hannun mata kusan 32,000. Ingila da ta zo tana mulkinmu da sunan wayewa, lokacin da sojojinta suka shiga Kano da Sakkwato a 1903 ko mace ɗaya ba ta zaɓen majalisa a ƙasarsu, a shekarar ne ma Emmeline Pankhurst ta kafa ƙungiyarta a Manchester. An ɗaure matan nan, da suka shiga yajin cin abinci a kurkuku sai a danne su a zura masu roba ta hanci ko ta baki a ɗura masu abinci da ƙarfi, a 1913 wata Emily Davison ta shiga filin sukuwa dokin sarkin Ingila ya banke ta, bayan kwana huɗu ta mutu. Sai 1918 aka ba wasu, su ma sai wadda ta haura 30 kuma da sharaɗin dukiya, sai 1928 aka daidaita su da maza. A Amurka an kama Susan B. Anthony a 1872 don kawai ta je ta yi zaɓe, kotu ta ci ta tarar dala 100 ta ce ba ta biya kuma ba ta biya ɗin ba har ta mutu, ƙuri'ar ba ta zo ba sai 1920, baƙar fata na kudancin ƙasar kuwa mata da maza an ci gaba da toshe su da dabaru har 1965. Faransa sai 1944. Suwizalan da ake ta yabo sai 1971, shekara biyar kacal kafin mu. A ɗaya ɓangaren kuma Turkiyya ta ba mata tun 1934, Masar 1956 bayan Doria Shafik ta ja mata sun kutsa majalisa a 1951, Sudan ma a 1965 har Fatima Ahmed Ibrahim ta ci zaɓe ta shiga majalisa. Duk waɗannan ƙasashen Musulmi ne kuma duk sun riga mu.

A nan gida Najeriya matan kudu ba su zauna jiran kowa ba. Matan Aba da kewaye sun tashi a 1929 kan maganar haraji, sojoji suka buɗe masu wuta aka kashe fiye da 50. A Abekuta Funmilayo Ransome-Kuti ta haɗa kan matan kasuwa dubbai, hujjarsu mai sauƙi ce, kuna karɓar haraji a hannunmu amma ba mu da baki a majalisar gari, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada har Alake, sarkin garin, ya sauka daga kan gado a farkon 1949. Kafin zaɓen tarayya na Disamba 1959 duk macen da ta balaga a Gabas da Yamma da Legas tana da ƙuri'a. Arewa kaɗai aka ce maza zalla.

To ga abin da na gano, kuma tun ranar da na gane shi nake kallon siyasarmu da wani ido daban. A zaɓen 1959 majalisar wakilai kujeru 312 gare ta. Arewa ta samu 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. Da me aka raba kujerun? Da yawan jama'a, da ƙidayar da aka yi a farkon shekarun 1950, kuma a ƙidayar nan ba a tsallake mata ba, an ƙirga Iya, an ƙirga kishiyarta, an ƙirga 'ya'yanta mata har da na goye. Wato kawunanmu sun shiga lissafi, da su aka samo wa Arewa rinjaye a Legas, amma da aka zo wa zai zauna kan kujerun sai aka ce mu koma ɗaki ba maganarmu ba ce. Jam'iyya mai mulki ba ta da asarar komai in mata ba su fito ba, kujerun na nan daram, hasali ma fitowar tasu haɗari ce tunda ba wanda ya san inda za su karkata. Matsayin NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, a lokacin shi ne lokaci bai yi ba, jama'a ba za su karɓa ba, kuma Sardauna kansa yana kan wannan ra'ayi. Ni ina cikin masu girmama Sardauna, na yi karatu a jami'ar da ya kafa, ban manta alherinsa ba kuma ba zan manta ba, amma a kan wannan magana sun yi kuskure kuma iyayenmu mata ne suka biya kuɗin kuskuren.

Ba kowa ya yi shiru ba kuma. Jam'iyyar adawa ta NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta tsaya kan cewa a ba mata ƙuri'a, Malam Aminu Kano bai taɓa ɓoye wannan ba, Malam Isa Wali ma a 1956 ya yi rubuce-rubuce a jarida yana kawo hujjoji daga cikin Musulunci kan matsayin mace, ya sha suka ba kaɗan ba. Amma wadda ta ɗauki abin a jikinta, ina nufin a fatarta da ƙashinta, ita ce Hajiya Gambo Sawaba.

Kai jama'a, matar nan. Duk sanda na karanta tarihinta sai in ajiye in yi shiru na ɗan lokaci. An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuma don ta biyo tagwaye. Babanta mutumin Gana ne ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya, a Zariya ta tashi. Karatun boko bai wuce 'yan ajin firamare ba, uba ya rasu tana da shekara goma, uwa ta bi bayansa ba da jimawa ba, aka yi mata aure tana 13. Yarinyar da ba ta da uba ba ta da uwa ba ta da satifiket ba ta da gata, ita ce tana 17 ta shiga NEPU a lokacin da shiga NEPU na nufin ka shirya wa 'yan doka da alƙali da gidan yari, lokacin da maza masu gemu ke ɓoye katinsu na jam'iyya. Ta je har Abekuta ta ga Funmilayo ta ga yadda suke tsara mata, ta dawo ta shiga aiki. Kuma ta yi abin da namiji ba zai iya ba, ta shiga cikin gidajen kulle, ta zauna da mata a tsakar gida tana yi masu bayanin haraji da aikin tilas da auren wuri da karatun 'ya mace da ƙuri'a. Wannan shiga gidajen ne ya fi tada hankalin masu iko, don in lacca ce a fili ana iya tarwatsa ta, amma maganar da ta shiga madafi ta shiga kenan.

An kama ta a Kano aka kai ta gaban alƙali aka ɗaure, daga baya aka kore ta daga garin gaba ɗaya. Sau 16 tana shiga gidan yari a rayuwarta. An yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, 'yan daba sun tare ta sun yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. A 1956 ta ja mata suka tafi Kaduna ofishin Firimiya suna neman a ba matan Arewa ƙuri'a, aka saurare su, suka dawo hannu rabbana. Ta fito ta ci gaba. Ni abin da nake tambayar kaina, me ke sa mutum ya fito daga kurkuku karo na biyar, na takwas, na goma sha biyu, ya san abin da ke jiransa, ya sake hawa kan tebur ya yi magana? Ba kwangila take nema ba, ba kujera ba tunda ko tsayawa takara doka ba ta ba ta dama ba, kuma ta rayu ta mutu ba ta tara komai ba sai 'ya'yan mutane da marayu da ta riƙa ɗauka tana riƙewa. Ta rasu a Oktoban 2001. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan a Zariya, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata da sunanta a Jami'ar Bayero, amma ku tambayi 'yan matan da ke kwana a ciki su nawa ne aka taɓa koya masu ko wace ce ita a makaranta.

Akwai makamin da aka yi amfani da shi kanta da sauran matan NEPU wanda a ganina ya fi bulala ciwo, shi ne ɓata suna. Duk macen da ta fito taron siyasa sai a ce karuwa ce, 'yar bariki ce, ba ta da mafaɗi. Da wannan kalma ɗaya aka tsare dubban mata a gida ba tare da an kashe ko kwabo ba, domin wace uwa ce za ta bar ɗiyarta ta je inda za a kira ta da wannan suna, wane miji ne zai jure a faɗa mashi haka a majalisa. Kuma makamin nan bai tsufa ba. Ku buɗe Facebook ko TikTok ranar da wata mace ta fito da fosta, ku karanta abin da ake rubutawa a ƙasa, ba mai tambayar me za ta yi wa asibiti ko makaranta, tambayar ita ce ina mijinta, wa ya tsaya mata, me ta bayar aka ba ta tikiti. Ina da ƙawa da ta nemi kansila a unguwarsu, malamar makaranta ce mai mutunci da 'ya'ya huɗu, sati uku ta yi ta janye, ba don ta rasa magoya baya ba sai don abin da aka riƙa faɗa wa 'ya'yanta a islamiyya.

Wani abu da ya ba ni mamaki a tone-tonen nan, ashe akwai matan Arewa da suka yi zaɓe tun 1961. Yankin Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye a lokacin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya ne a hannun Ingila, da za a yi ƙuri'ar ko su shiga Najeriya ko Kamaru a Fabrairun 1961 sai Majalisar ta ce dole mata su shiga. Suka fito suka yi layi suka zaɓa, sama ba ta faɗo ba, aure bai mutu ba, yankin ya shigo Najeriya aka sa mashi suna Lardin Sardauna. Suna shigowa kuma sai ƙuri'ar tasu ta ƙare, suka koma irin su Iya.

Sai a 1976 ƙofa ta buɗe, kuma ba majalisar farar hula ce ta buɗe ba, soja ne, gwamnatin Obasanjo lokacin garambawul na ƙananan hukumomi, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar wa duk ɗan ƙasa mai shekara 18, mace ko namiji. Kwamitin da ya rubuta daftarin tsarin mulkin mutum 49 ne kuma babu mace ko ɗaya a ciki. Ba na rage wa kowa ladansa, matan da suka yi ta magana irin su Gambo da Hajiya Laila Dogonyaro da Jam'iyyar Matan Arewa sun yi nasu, amma ku lura da abin da ya canza a 1979. An bar tsarin firaminista an koma na shugaban ƙasa, yanzu ba kujeru kawai ake ƙirgawa ba, ƙuri'a ɗaya-ɗaya ake tarawa daga Sakkwato har Kalaba. Matan kudu za su fito, in matan Arewa suka zauna gida rabin ƙarfin Arewa ya tafi. Shagari ya samu ƙuri'a kusan miliyan 5.7, Awolowo miliyan 4.9, tazarar ba ta kai 800,000 ba, ku cire matan Arewa daga wannan lissafi ku gani. Nan take abin da aka shekara ashirin ana cewa bai dace ba ya zama wajibi, motoci na bin unguwa da lasifika ana roƙon magidanta su bar iyalansu su fito, malamai har da Sheikh Abubakar Gumi suna kira a bar mata su yi rajista. Na ji daɗi da aka yi haka, gyara ko yaushe ya zo alheri ne, amma ba zan yaudari kaina ba, an buɗe mana ƙofa ne ranar da aka buƙaci yawanmu.

Iya ta ce zaɓen 1979 da damina aka yi shi, kuma sati-sati aka riƙa fita har sau biyar. Ranar farko ta yi wanka ta ɗaura atamfar da take ajiye wa biki ta sa kwalli, ita da kishiyarta da matan maƙwabta suka jera kamar masu kai amarya. Kakanmu ya tara su a zaure ya ce kowa ta dangwala a gida da masara, alamar jam'iyyar NPN ta Shagari. Iya ta ce to Malam. Da ta shiga wurin dangwalawa ta duba hagu ta duba dama ta ga ba kowa sai ita da Allah, sai ta nemi mabuɗi, alamar jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, ta danna yatsa. Na ce Iya me ya sa? Ta ce saboda tun tana amarya take jin ana cewa Malam Aminu ne ke cewa a ba mata ƙuri'a, "to ranar da aka ba ni sai in kai wa wani?" Ta ce ba ta taɓa faɗa wa kakanmu ba har ya koma ga Allah, kuma ba raini ba ne, ta yi mashi biyayya shekara arba'in da wani abu, amma wannan abu ɗaya ta ji a ranta nata ne. Lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna, da aka ce Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna ta ce ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi guɗa a hankali yadda ba mai ji. Shi kuwa Malam Aminu da zai sake takara a 1983 mace ya ɗauko mataimakiya, Bola Ogunbo, sai dai Allah ya karɓi ransa a Afrilun shekarar kafin zaɓe.

Na san wasu da sun ji kalmar daidaito sai ransu ya ɓaci, suna ganin ana so a ce mace ta zama namiji ko a rushe aure. Ni Musulma ce, matar aure ce, ba abin da nake nufi kenan ba. A cikin Suratul Mumtahana Allah ya umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi mubaya'ar mata, da bakinsu suka yi, ba a ce ta mazajensu ta wadatar ba. A ƙasar nan tamu Shehu Usmanu ya yi kakkausar magana kan malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ɗiyarsa Nana Asma'u ta naɗa jajis ta ɗora masu malfa ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, 'Yan Taru kenan, tun kafin a haifi Pankhurst. Abin da nake nufi da daidaito shi ne in za a yanke hukunci kan kuɗin da za a sa a ɗakin haihuwa, a ce akwai wadda ta taɓa naƙuda a wurin. In za a yi magana kan rijiyar burtsatse, a ce akwai wadda ta san nauyin jarka. In za a yi doka kan zawarawa da marayu da 'yan gudun hijirar da 'yan bindiga suka koro daga Batsari da Safana, waɗanda yawancinsu mata ne da yara, a ce akwai mace a teburin.

To yanzu ina muke? A rajistar zaɓen 2023 mutum miliyan 93.4 ne, kashi 47.5 cikin ɗari mata, kuma duk wanda ya taɓa zuwa rumfar zaɓe a Arewa ya san layin da ya fi tsawo da wanda ya fi haƙurin rana. Amma majalisar dattawa mai kujeru 109 mata huɗu ne, ta wakilai mai 360 ba su kai 20 ba, majalisun jihohi da dama har da tamu ta Katsina da ta Kano babu mace ko ɗaya. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba a Najeriya, Aisha Alhassan ta kusa a Taraba a 2015, Aishatu Binani ta kusa a Adamawa a 2023. Manufar ƙasa ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 na muƙamai, tana nan a takarda. A ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware kujeru na musamman da wanda zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar, wannan na ƙarshe ya yi mani ciwo don na san matan da in sun nemi abu a garin miji a ce su koma garin ubansu, in sun je can a ce ai kin yi aure kin bar mu. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Can Nijar kuwa tun 2000 suka yi dokar ware wa mata kaso, suka fara da kashi 10 suka ɗaga zuwa 25 a 2019, kafin juyin mulkin 2023 mata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu a majalisarsu. Jikokin yayar Iya sun sake riga mu.

Kuma ba wai mata ba sa so ba ne. Fom kaɗai a 2022 APC ta sa na shugaban ƙasa miliyan 100, na gwamna 50, na sanata 20, ko an ce an yi wa mata rangwame to kuɗin daliget fa, kuɗin kamfen fa, ga taron da ake yanke komai sai ƙarfe biyun dare a gidan wani babba inda macen kirki ba za ta je ba kuma an san ba za ta je ba. Abin da aka bar mana shi ne shugabar mata, a ba ki anko ki raba, ki cika fili, ki yi guɗa, a ɗauki hoto. Ranar zaɓe kuma a zo da taliya da sabulu da atamfa. Ni ba na zagin matar da ta karɓa, wallahi ba na yi, wadda 'ya'yanta suka kwana ba su ci ba ba ni da bakin yi mata wa'azi, haushina na kan wanda ya bar ta da yunwa shekara huɗu don ya same ta da araha rana ɗaya. Amma ina so ta san kuɗin abin da ke hannunta, ta san an aske kan wata da kwalba a kansa, kuma ta san abin da Iya ta gane a 1979, cewa in ta shiga wurin dangwalawa ba mai ganin yatsanta.

Iya ta rasu a 2018, zaɓen 2015 ɗin nan shi ne na ƙarshe da ta yi, mun kai kusan la'asar a layi kuma ba ta yarda an wuce da ita gaba ba sai da ma'aikatan suka matsa. Bayan sadakar bakwai da aka buɗe akwatinta na ƙarfe don rabon kaya, a can ƙasa ƙarƙashin turamen da ba ta ɗinka ba muka samu wata tsohuwar jakar fata irin ta 'yan Makka, a ciki akwai fasfonta na aikin hajji, da hoton yayarta ta Maraɗi, da katunan zaɓe a ɗaure da zare, tun daga na takarda da ya yi ja rubutun ya kusa gogewa har zuwa na roba mai hotonta. Gwaggonina suka raba atamfofi da tasoshi, ni na ce a bar mani jakar.